Magen Mero a Cikin Katanga

Talata, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Da sunan Allah. Littafin nan na jikata Ikram ne, ragowar na makaranta. Na yage shafukan da ta ɓata da turanci na hura wuta da su, na riƙe fararen. Rabona da biro tun ajin yaƙi da jahilci, don haka duk wanda ya tsinta ya ga rubutun kamar kaji sun yi tono, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ba shi na rubuta wa ba.

Ni ce 'Yardada ta Koki. Yau aka yi sadakar uku a gidan Mero, maƙwabciyata. Ban je ba. Ƙafata ke ciwo. Wanda ya ce ya gan ni ina shara da safe, to da ƙafa ɗaya na yi.

Ba zancen ranar Asabar zan rubuta ba. Duk Koki an san an yi ruwa, an kuma san ɗakin Mero na ƙasa ne. Zancen mage zan rubuta.

Katangar da ta raba gidana da na Mero tana da kafa daidai gwiwa. Shekara arba'in da ɗaya ta nan gishiri ke wucewa, da garwashi, da gulma mai zafi. Yanzu ƙasa ta toshe ɓangaren Mero, ruwa kuma ya ci cikin katangar ya yi kogo. Ɗazu na durƙusa na leƙa. Ba don komai ba, sabo ne kawai. Sai ga ido biyu suna kallona daga can ciki.

Kalwa ce, magen Mero. Mero daddawa take yi, shi ya sa ta laƙaba wa 'yar banzar sunan abin sana'arta. Tana 'yar mitsitsiya Mero ta tsamo ta daga kwata bayan yara sun gama jifanta, tun daga ranar ba ta yarda da kowa ba sai Mero. Shekara uku ni wutsiyarta kawai na sani.

Na ce mata, "Ke ma kin ƙi zuwa sadakar?" Ta yi mini huci kamar maciji.

Laraba, 7 ga Agusta, da hantsi

Na ajiye mata kan kifi a bakin kafar. Tururuwa ce ta yi walima.

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan azahar

Muttaka ya zo. Ɗana ne na biyu, shi ya sa nake iya kama sunansa tsaf, har in maimaita idan ya ba ni haushi. Ya taho da Gwadabe magini, wanda na sani tun yana miƙa wa ubansa tubali da majina a hanci.

Gwadabe ya zura yatsa a tsagar katangar, ya girgiza kai. "Hajiya, wannan ta gama aiki. Ta kwanto ɓangarenki. Ruwa biyu ko uku, sai dai a ji labari. Gobe mu sauke ta."

Na ce, "Akwai mai ciki."

"Wa?"

"Baƙuwata."

Muttaka ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa ya leƙa. "Hajiya, mage ce fa!"

"Da na ce maka kura ce?"

Gwadabe ya zura sanda wai zai koro ta. Ta ƙara shigewa ciki har idon ma ya ɓace. Na tambaye shi, idan ya sa diga, ina ne zai fara ruftawa? Ya sosa ƙeya ya ce kogon. Na ce to ya maida digarsa gida ta huta.

Muttaka ya fara jawabin da ya haddace tun a mota: in haɗa kayana in koma gidansa a Rijiyar Zaki, akwai ɗaki da fanka, a sauke katanga hankali kwance. Ina jin sa. Da ya gama na jawo tabarmata na shimfiɗa a gindin katangar, na zauna, na miƙe ƙafa.

Na ce, "Bismillah, ku sara."

Ba na tashi.

Juma'a, 9 ga Agusta, da yamma

An turo mini ɗan sanda. Ikram ce, da jakarta da wayarta, wai hutun jami'a ta zo yi wurin kakarta. Shekara uku ana hutu ba ta tuna tana da kaka ba. Na ce mata duk rahoton da za ta aika wa ubanta Muttaka ta fara karanta mini in gyara kuskure.

"Kai, tsohuwar nan! Ni lafiyarki na zo dubawa."

"Duba taki. Wannan siririn saurayin naki ma bai fi sandar Gwadabe kauri ba, ban ce komai ba."

Asabar, 10 ga Agusta, da safe

Kwana bakwai. Ƙafata.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Sumayya, matar Sule ɗan Mero, ta shigo da ƙullin kaya. An raba tufafin tsohuwar sadaka, magada sun ce a fara da ni. Atamfa ce mai ruwan ganye, an wanke ta, an goge, har da turare. Na ce ta mayar. Mero ba ta taɓa ƙamshin turare ba a rayuwarta. Shekara arba'in ina kiranta uwar wari, tana amsawa. Wannan zanen ban san mai shi ba.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Kafin ta fita ta ce, "Iya Dada, Sule ya ce in gaya miki, magen nan kada ki wahalar da kanki. Ya ce idan ya gan ta da idonsa, Allah ya kiyaye abin da zai yi."

Na ce ta gaya masa magen tana gidana, kuma ni na yi masa wankan jego... a'a, uwarsa na yi wa, shi tsarki kawai na yi masa sau dubu. Ya shigo ya taɓa ta mu gani.

Ban yi kuka ba. Itacen jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya yi yawa.

Litinin, 12 ga Agusta, bayan asuba

Kwanon kifi wayam! Har an lashe shi.

Talata, 13 ga Agusta, da hantsi

Ikram ta tambayi wayarta yadda ake lallashin mage mai tsoro. Waya ta ce kada a kalle ta ido cikin ido, a zauna a ba ta gefe, a yi magana ƙasa-ƙasa, a riƙa lumshe ido a hankali. Na ce wannan ai ba kiwon mage ba ne, zance ne irin na zamaninmu. Haka na yi wa kakanta har ya kawo lefe.

Na gwada dai. Na ba katanga gefe, ina tsintar shinkafa, ina ba Kalwa labarin yadda na taɓa sa wa Mero ƙwaro a cikin ɗankwali ranar sunan Sule. Ikram ta leƙo ta ga ina lumshe wa rami ido, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Hanci ya fito. Hanci kawai. Amma na gan shi.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan azahar

Na yi wauta, kuma zan rubuta da hannuna kafin wani ya rubuta mini.

Na ga kwana yana tafiya, sai na ɗana mata kwando irin yadda muke kama tsuntsu muna yara: sanda, igiya, kifi a ƙarƙashi. Ta miƙo wuya, ta sako ƙafa ɗaya. Na ja igiya. Kwandon ya bugi kunnenta, ta koma ciki da wani irin ƙara da ban taɓa ji ba.

Kwana shida na lallashi na zubar a ja ɗaya. Hannuna da bakina duk gaggawa gare su. An daɗe ana gaya mini.

Alhamis, 15 ga Agusta, magariba

Ruwa tun la'asar. Wani ɓangare na saman katangar ya ɓallo ya faɗi daidai inda nake ajiye kai a tabarma. Ina madafi lokacin. Ikram ta kurma ihu, ta kira ubanta kafin in ƙwace wayar.

Kifin jiya yana nan, ba a taɓa ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan masallaci

Muttaka ya ɗaga mini murya. Tunda na haife shi bai taɓa ba.

"Hajiya, so kike mu binne ki a kan mage? Guda ɗaya bai ishi unguwar nan ba?"

Ya faɗa, sai kuma ya kama bakinsa. Ni ma na kama nawa. Muka tsaya muna kallon tukunya.

Gwadabe ne ya raba mu. Ya kawo azara huɗu ya tokare katangar, ya ce kwana goma za su iya riƙe ta, ba don ya yarda da su ba. Mai unguwa ma ya aiko, wai ƙarshen katangar ya kai lungun da yara ke bi. Litinin 26 ga wata za a sauke ta, da mage ko ba mage. Muttaka ya ce idan ranar na sake shimfiɗa tabarma, shi da kansa zai ɗauke ni cak ya sa a mota.

Na ce ya fara cin tuwo da yawa.

An hana ni zama a gindin katangar. To, na matsa taku uku. Ba tashi ba ne wannan, gyara zama ne.

Lahadi, 18 ga Agusta, da safe

Ba ta ci ba. Kwana huɗu. Ruwa kawai ke raguwa. Na leƙa, idon yana nan, amma ya dushe.

Litinin, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Ina haɗa miyar kuka, na buɗe gwangwanin kayan miya, na ɗauko daddawa ta ƙarshe. Ita ce wadda Mero ta miƙo mini ta kafar ranar Juma'a, ana gobe za ta rasu, a naɗe a ganye. Ina warware ganyen sai na ji kuka daga katanga. Ba huci ba, kuka, siriri kamar na jinjiri. Na waiwaya. Kai ya fito gaba ɗaya, har kafaɗa, hanci yana rawa, tana neman wadda ta shigo.

Babu wadda ta shigo.

Na kasa jefa daddawar a miya. Ikram ta ce miyar yau salam take. Na ce bakinta ne salam.

Na ajiye ganyen a bakin kafar. Ta shinshina, ta ci rabin kifi. Amma ganye ba Mero ba ne, kafin magariba ta daina kula shi. Na san abin da take nema. Mero tana da tsofaffin zannuwan da take rufe kwandon kalwa da su idan ta dafa, su take ɗaurawa wajen aiki, a kansu magen take kwana. Ba a taɓa wanke su da sabulu ba. Madafin Mero bai faɗi ba, suna nan a ciki idan ba a ƙona ba.

Sai dai kafa ta toshe. Wanda zai ɗauko sai ya bi ta ƙofar gida, ya yi sallama, ya gaida Sule.

Ikram ta ce za ta je. Na ce a'a.

Talata, 20 ga Agusta, da hantsi

Ƙafata lafiyarta ƙalau. Tun farko ma lafiyarta ƙalau.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ranar Asabar bayan azahar ruwa ya tsinke. Na ji Mero tana kira ta kafar: "Dada! Dada! Ɗakin nan fa yana magana." Na durƙusa. Ƙafafunta nake gani a tsakar gida, cikin ruwa, lallen ya fara koɗewa. Ta riga ta fito. Ta fito, tana waje.

Na ce, "To uwar wari, kin tsira da ranki kin bar 'yarki a ƙarƙashin gado? Wace irin uwa ce ke?"

Dariya nake yi. Ita ma dariyar ta yi. Ta ce, "Bakinki dai, Dada."

Na ga ƙafafun sun juya.

Sauran duk Koki an sani.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan azahar

Na yafa mayafi na fita. Daga ƙofata zuwa tasu taku ashirin ne, na yi su kamar mai zuwa Gwammaja a ƙafa.

Sule yana zaune a zaure, ya rame. Ya miƙe ya ba ni tabarma. Na yi masa gaisuwar da ta kamata in yi kwana goma sha takwas da suka wuce. Ya amsa. Sai na ce, "Sule, akwai maganar da na yi ranar, ba ka sani ba."

Ya ce, "Na sani, Iya Dada. Ina bakin zauren nan ina kwashe ruwa. Na ji ki."

Na rasa inda zan sa idona.

Can ya ce, "Tun ina goye haka kuke magana ke da ita. Ranar da ba ki zage ta ba, sai ta aike ni in dubo ko ba ki da lafiya. Ni ma na ga ta juya, ina riƙe da bokiti, ban hana ta ba. Magen nake jin haushi don ban san wa zan ji wa ba."

Na ce, "Ji nawa. Na fi mage ƙwari."

Ya ce, "Ba zan iya ba. Shi ne matsalar."

Babu itace a zauren, babu hayaƙi. Ba ni da abin da zan ɗora wa. Mu biyu muka yi, Sumayya ta kawo ruwa ta ajiye ta koma.

Da muka buɗe madafin, wari ya yi mana maraba har Sule ya ja da baya. Kalwar daddawar da Mero ta dafa ranar Juma'a tana nan a kwando, kwana goma sha tara a rufe. Sumayya ta toshe hanci ta ce dama yau za su ƙone tsummokaran. Na ce wannan ne rabona a kayan Mero, atamfar ku ba wata. Na ɗauki zane biyu, ɗaya na ɗaura a kan nawa tun a can, na ratso lungu da shi. Yara suka riƙa toshe hanci. Na ce su gaida iyayensu.

Ikram ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ni ba. Alhamdulillahi, riba biyu.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan asuba

Na shimfiɗa zanen a bakin kafar, na ba shi gefe. Ban kai ƙarshen carbi ba ta fito. Duka jikinta. Ashe baƙa ce da farin tabo a ƙirji, ƙashin haƙarƙari a waje. Ta zagaya zanen sau uku, ta tattaka shi da ƙafafun gaba, ta kwanta ta cusa fuska a ciki.

Ban motsa ba. Ƙafata ta yi sanyi, wannan karon da gaske, ban motsa ba.

Babu kwando, babu igiya. Na yi wa hannuna kashedi.

Juma'a, 23 ga Agusta, da yamma

Dabarar ita ce: duk sanda ta koma rami, in ja zanen taki ɗaya zuwa ɗakina. Taki ɗaya tak, da kwanon kifi a gefe. Daga katanga zuwa ƙofata taku tara ne. Saura kwana uku. Ikram ta auna da wayarta ta ce lissafin ba zai kai ba. Na ce mage ba ta yi jami'a ba, ba ta san ba zai kai ba.

Asabar, 24 ga Agusta, azahar

Mun wuce randa. Mun kai turmi. Mai tallan gyaɗa ta rangaɗa sallama, Kalwa ta koma rami a guje, awa biyu. Na rataye tabarma a ƙofar gida, na ce wa Ikram duk wanda ya zo ta ce na tafi Makka.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Zanen yana taku biyu daga ƙofata. Ita kuma tana rami. Azara ɗaya ta fara ƙara.

Ba lokacin taki-taki. Na ɗauke zanen na kai shi tsakiyar ɗaki, na zauna a bakin gado da ɗayan a jikina. Ikram ta maƙale bayan ƙyaure, ko numfashi ba ta yi. Iska ta taso, kwanuka suna gudu a tsakar gida.

Shekara uku ina jin yadda Mero ke kiranta ta cikin katanga, ban taɓa gwadawa ba. Na buɗe bakin nan nawa da ya saba ɓarna, na ce a hankali, yadda take faɗa: "Taho, 'yar gidana. Taho, ba mai dukanki."

Yayyafi ya fara. Ba ta fito ba. Na sake faɗa. Na faɗa har muryar ta daina zama tawa.

Sai ga ta, ciki a ƙasa, tana rarrafe, ta tsaya a turmi, ta waiwayi katanga. An yi tsawa. Na ce shi ke nan, ta koma. Sai kawai na ji abu ya wuce ta kan ƙafata kamar iska, ya shige ƙarƙashin gado.

Ikram ta tura ƙyaure a hankali. Ta dube ni, ido jawur. Na ce, "Ke kuma wane hayaƙi ne ya same ki?"

Litinin, 26 ga Agusta, azahar

Sun sauke ta. Gwadabe ya ce diga biyu kawai ya sara, kogon ya rufta. Ban fita kallo ba. Ina ɗaki, na sauke hannu ƙasa daga bakin gado, ina ba Kalwa labari don kada ta ji ƙarar. Wani abu mai sanyi ya taɓa yatsana sau ɗaya. Ban leƙa ba. Waya ta ce kada a kalla.

Muttaka ya shigo da sanɗa, ya ce to yanzu sai Rijiyar Zaki. Na ce katangar da za ta kashe ni tana ina? Ya duba tsakar gida, ya dube ni, ya toshe hanci. Ya ce, "Hajiya, ko zanen nan kawai a wanke?" Na ce ya taɓa shi ya ga yadda ake tsine wa ɗa na biyu.

Alhamis, 29 ga Agusta, da hantsi

Gwadabe ya fara jera bulo. Da ya kai daidai gwiwa na ce ya tsallake guda ɗaya.

"Hajiya, kafa a katangar siminti? Ba a yi."

"Yau za a fara."

Muttaka ya ce, "Ta mece ce kuma? Wa za ki kira ta nan?"

Daga can ɓangaren Sule ya ce, "Malam Gwadabe, bar mata. Sumayya ba ta iya sayen gishiri a kan lokaci ba."

An bar ta. Simintin bai gama bushewa ba na durƙusa na leƙa. Ƙafafun Sumayya na gani, tana shanya. Bakina ya yi ƙaiƙayi, na riƙe shi, na riƙe shi, sannan na ce, "Ke 'yar nan, wannan wankin ne ko jiƙa kaya?"

Ta yi dariya ta ce, "Iya Dada, bakinki dai."

Na daɗe a durƙushe.

Da na koma ɗaki na tarar Kalwa ta hau gadona, ta kwanta a kan zanen, a daidai wurin kwanciyata. Na ce ta matsa. Ta buɗe ido ɗaya, ta dube ni, ta mayar ta rufe.

Ita ma ba ta tashi.